Wa Ke Tsaya Wa Kwangilar Zaɓi Idan Mai Alkawari Ya Noƙe?

Wani ɗalibin akanta a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a darasin kasuwar hannun jari an ce mana gidan lamuni ne ke fitar da kwangilar zaɓi, shi ne kuma ke tsaya mata. Abin ya ɗaure mini kai. Idan ni na saya, wani ya sayar, ina ruwan na uku har a ce shi ya fitar? In kuma farashi ya yi tashin gwauron zabo wanda ya sayar mini ya tsere, da kuɗin wa za a biya ni?"

Ƙanena, tambaya biyu ka ƙunsa wuri ɗaya, kuma ta biyun ta fi nauyi. Za a biya ka ne da kuɗin shi wanda ya tseren, domin tun kafin ya yi tunanin gudu an riga an karɓe masa jingina. Idan jinginarsa ba ta kai ba, akwai aljihunan da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu faro daga tushe.

Kwangilar zaɓi haƙƙi ce da kake saye: haƙƙin sayen wani hannun jari, ko sayar da shi, a kan yankakken farashi, kafin wata rana da aka ƙayyade. Kai mai saye kana da zaɓi, ko ka zartar ko ka bari ya wuce. Shi wanda ya sayar maka ba shi da zaɓi ko kaɗan. Ya karɓi kuɗinka, ya ɗauki alkawari, duk ranar da ka ce a cika dole ya cika. Iri biyu ne, zaɓin saye da zaɓin sayarwa, kuma a kasuwannin Amurka kwangila ɗaya ta hannun jari tana wakiltar guda 100.

Ka ɗauka ka je kasuwar Giwa da kaka, ka ba wani mai masara kafin alƙalami a kan buhu 100, kuka yanke farashi, da sharaɗin kana da wata uku ka zo ka kwashe, in ba ka zo ba kuɗin ya zama nasa. Wata biyu suka wuce, masara ta yi tsada ninki biyu. Me kake zaton zai faru? Wayarsa ta daina shiga, ko ka tarar ya sayar wa ɗan Dawanau. Kuma ko mutumin kirki ne, in kai ka ga ba ka son cinikin kana so ka sayar wa wani haƙƙinka, sai sabon mai sayen ya ce bai san mai masarar ba, ba zai amince da alkawarinsa ba. To ka ƙaddara akwai wani babban fatoma a kasuwar wanda duk ciniki irin wannan sai a gabansa, kuma da zarar kun shirya sai ya ce da kai: "Daga yau ni kake bi masara." Ya juya ga mai masara: "Kai kuma ni nake bin ka, ajiye buhunan a rumbuna ko ka kawo jingina." Ba za ka ƙara buƙatar sanin sunan mai masarar ba. Bambanci ɗaya da ya kamata ka riƙe shi ne, kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin kaya in ciniki ya faɗa, kuɗin zaɓi kuwa ba ya shiga, ladan haƙƙin ne kawai.

Aikin da gidan lamuni ke yi ke nan, sai dai da doka da kwamfuta. Da zarar odarka ta haɗu da ta mai sayarwa a kasuwa, kasuwar na tura bayanin cinikin zuwa gidan. Idan gidan ya karɓa, yarjejeniyar da ke tsakaninku ta rushe a idon doka, sababbi biyu sun maye gurbinta: ɗaya tsakanin ɓangarenka da gidan, ɗaya tsakanin gidan da ɓangaren mai sayarwa. Gidan ya zama mai sayarwa ga kowane mai saye, mai saye ga kowane mai sayarwa. Shi ya sa ake kiransa mai fitarwa, tunda haƙƙin da ke hannunka a kansa yake.

A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin suna auna abin da hannun jari. Idan Dangote Cement ya fitar da hannun jari, adadi ne sananne, kuɗin kuma kamfanin suke shiga. Kwangilar zaɓi ba haka take ba. Kamfanin da ake cinikin zaɓi a kan hannun jarinsa ba ya samun ko sisi, ba ya cikin maganar ma. Ba a kuma buga wani adadi a ajiye ana jiran masu saye. Kwangila tana samuwa ne a daidai lokacin da sabon mai saye ya haɗu da sabon mai ɗaukar alkawari, tana kuma mutuwa idan aka rufe ta, ko aka zartar, ko wa'adinta ya cika. Saboda haka littafin gidan kullum a daidaite yake: yawan haƙƙin da ake bin sa daidai da yawan alkawarin da yake bin wasu. Farashi ya hau ko ya sauka, gidan ba ya ci, ba a cin sa. Haɗarinsa ɗaya ne tak, wani daga cikin masu alkawari ya kasa cikawa.

Babban misali a duniya shi ne gidan lamuni mai suna OCC da ke Shikago. Kafin 1973 ana cinikin zaɓi a Amurka, amma ta hannun wasu dillalai ƙalilan da ke tallata farashinsu a jarida, kowace kwangila da nata sharuɗɗan, kuma fita daga cikinta kafin wa'adi wahala ce. A ranar 26 ga Afrilun 1973 kasuwar CBOE ta buɗe da zaɓin saye a kan hannun jarin kamfanoni 16, aka yi cinikin kwangila 911 a ranar farko. Zaɓin sayarwa sai a 1977 ya shigo. Abin sha'awa, kasuwar ta fito ne daga cikin tsohuwar kasuwar hatsi ta Shikago, wadda aka kafa a 1848, wato 'yan hatsi ne suka koya wa 'yan hannun jari wannan dabara. Gidan lamunin da aka kafa wa CBOE shi ne a 1975 ya zama na dukan kasuwannin zaɓi na ƙasar. A 2022 kwangilolin da suka bi ta hannunsa sun haura biliyan 10.

Abin da ya kawo wannan bunƙasa shi ne daidaita kwangilolin. Adadi ɗaya, jerin farashi sananne, ranakun cikar wa'adi sanannu, na wata-wata a Juma'a ta uku. Tunda kowace kwangila a jeri ɗaya daidai take da 'yar'uwarta, kuma gida ɗaya ne a bayansu duka, kana iya saye yau daga hannun wani a wata kasuwa, ka sayar gobe ga wani daban a wata kasuwar, gidan ya soke maka biyun ka fita fes. Wanda ya sayar maka da farko yana nan da alkawarinsa, bai ma san ka fita ba. Idan kamfani ya raba kowane hannun jari gida biyu, ana gyara kwangilar: adadinta ya ninka, yankakken farashi ya koma rabi, don kada wani ya ci bulus.

Yanzu ga maganar kuɗi. Ka fara sanin cewa gidan bai san ka ba. Mambobinsa kawai ya sani, wato manyan kamfanonin dillanci da suka cika sharuɗɗan jari da na iya aiki. Kai kana hulɗa da dillalinka, dillalinka ko shi mamba ne ko yana bi ta hannun mamba. Wannan tantancewa ita ce katanga ta farko, kuma gidan na bin diddigin lafiyar kuɗin kowane mamba ba dare ba rana.

Katanga ta biyu jingina ce, kuma ita ce ƙashin bayan lamunin duka. Mu yi misali. A ce hannun jari yana dala 50, ka sayi zaɓin saye a kan dala 55, kuɗin zaɓi dala 2. Ka biya dala 200 ke nan, kuma iyakar abin da za ka iya rasawa ke nan, don haka ba a neman jingina a wurinka. Mai alkawari kuwa ya karɓi 200 amma asararsa ba ta da rufi. Idan farashi ya kai dala 70, haƙƙinka ya kai aƙalla dala 1,500, daga aljihunsa kuma za su fito. In yana da hannun jarin guda 100 a ajiye a asusunsa, magana ta ƙare, su ne jinginar. In ba shi da su, dillalinsa zai riƙe masa kuɗi ko takardun bashin gwamnati, gidan kuma ya riƙe na mamban.

Jinginar ba a karɓarta sau ɗaya a manta. Kowace rana bayan an tashi kasuwa ana sake kimanta kowace kwangila a kan farashin ranar. Idan hannun jarin ya tashi daga 50 zuwa 58, washegari da safe an cire ƙarin kuɗi daga asusun bankin mamban, shi kuma ya bi abokin cinikinsa. In kasuwa ta haukace, gidan ba ya jiran dare, da rana tsaka zai aika a ƙaro. Don haka lokacin da farashi zai kai 70, an daɗe da tara kusan duk abin da za a biya ka, kaɗan-kaɗan. Wanda ya kasa kawo ƙari a 58 ba zai kai 70 yana riƙe da alkawarin ba. Dillalinsa zai saye kwangilar a kasuwa da kuɗin jinginarsa ya rufe masa, ko yana so ko ba ya so. Ka ga amsar tambayarka: ba a ba shi sararin gudu da bashi mai yawa.

Yadda ake lissafa jinginar shi kansa ilimi ne. Tun 2006 OCC na amfani da wani tsari mai suna STANS. Kwamfuta na ɗaukar duk abin da mamba ke riƙe da shi a dunƙule, ta gwada shi a dubban yanayin da kasuwa za ta iya shiga cikin kwana biyu masu zuwa, sannan ta dubi mafi munin kashi ɗaya cikin ɗari na sakamakon, a nemi jingina a kan wannan. Me ya sa kwana biyu? Shi ne lokacin da ake ganin gidan zai buƙata ya warware kayan mamban da ya faɗi. Ni a ganina raunin tsarin ma a nan yake, domin kwamfuta daga abin da ya taɓa faruwa take koyo, kasuwa kuwa takan zo da abin da ba a taɓa gani ba. Akwai kuma wani kaifi: jingina na ƙaruwa ne a daidai lokacin da kuɗi suka fi wuyar samu. A ƙarshen Janairun 2021, lokacin hayaniyar hannun jarin GameStop, gidan lamunin hannun jari na Amurka, NSCC, ya nemi kimanin dala biliyan 3 daga kamfanin Robinhood da asubahi. An rage adadin daga baya, amma kamfanin ya hana abokan cinikinsa sayen wasu hannayen jari a ranar. Mutane suka yi ta zargin an haɗa baki da manya, alhali babban abin da ya matse kamfanin kiran jingina ne.

To idan mamba da kansa ya faɗi fa? Gidan zai dakatar da shi, ya yi ƙoƙarin mayar da asusun abokan cinikinsa hannun wani mamba mai lafiya, ya yi gwanjon sauran kayansa ko ya rufe su a kasuwa. Duk giɓin da ya rage ana cike shi bi da bi. Da farko jinginar wanda ya faɗi. Sai kasonsa a asusun haɗaka, wanda kowane mamba ke zuba wa kuɗi gwargwadon haɗarin da yake kawowa. Sai wani yanki na jarin gidan kansa, don shi ma ya ji a jikinsa in ya yi sakaci. Sai kason sauran mambobin da ba su ji ba su gani ba. In duk wannan ya ƙare, gidan na da ikon neman su ƙaro, har zuwa wata iyaka da ke rubuce a dokokinsa. Ƙa'idojin duniya da aka fitar a 2012 sun ce manyan gidaje su tanadi abin da zai ɗauke faɗuwar mambobi biyu mafiya girma lokaci guda, a cikin mummunan yanayi.

Wannan mataki na cin kuɗin marasa laifi da gangan aka yi shi. Mamban da ya san kuɗinsa na iya tafiya saboda gangancin maƙwabcinsa, shi ne zai fi kowa matsa wa gidan lamba kada a sassauta wa kowa.

Kada ka ɗauka tatsuniya ce. A Satumbar 2018 wani ɗan kasuwar wutar lantarki ɗan Norwe, Einar Aas, wanda mamba ne da kansa a gidan Nasdaq Clearing na Suwidin, ya yi caca a kan tazarar farashin wuta tsakanin ƙasashen arewacin Turai da Jamus. Tazarar ta buɗe fiye da zato, jinginarsa ta ƙare, aka bar giɓin yuro miliyan 114. Gidan ya biya miliyan 7 daga nasa, sauran mambobi suka ɗauki miliyan 107. Duk wanda ke bin kuɗi an biya shi. Shekara goma kafin nan, da bankin Lehman Brothers ya rushe a 2008, gidan LCH na Landan ya warware kwangilolin musayar kuɗin ruwa na bankin da adadinsu ya kai dala tiriliyan 9, jinginar Lehman kaɗai ta isa. Wannan ya sa shugabannin G20 a 2009 suka amince a tura ƙarin kwangiloli ta gidajen lamuni. Amma gidaje sun taɓa durƙushewa: na Faris a 1974 a kan sukari, na Kuala Lumpur a 1983 a kan manja, na Hong Kong a 1987, inda aka rufe kasuwa kwana huɗu har sai da gwamnati da bankuna suka kawo ɗauki. Tara haɗarin kowa a gida ɗaya na nufin in gidan ya girgiza, kowa ya girgiza. Shi ya sa a 2012 hukumomin Amurka suka sanya OCC cikin cibiyoyin da faɗuwarsu za ta iya taɓa tattalin arzikin ƙasa, aka ƙara tsaurara sa ido a kansa.

Saura ranar zartarwa. Ka gaya wa dillalinka, saƙon ya isa gidan, gidan ya yi ƙuri'a tsakanin mambobin da ke da alkawari a wannan jerin. Mamban da ta faɗa kansa shi ma ya zaɓi ɗaya daga abokan cinikinsa, ko ta ƙuri'a ko ta wanda ya riga shiga. Mai yiwuwa wanda zai ba ka hannun jarin bai taɓa ciniki da kai ba. Zaɓin hannun jarin kamfanoni a Amurka ana iya zartar da shi kowace ranar kasuwa kafin wa'adi, don haka mai alkawari na iya kwana lafiya ya tashi ƙuri'a ta faɗa kansa. Na ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka mai suna S&P 500 kuwa sai ranar ƙarshe, kuma bambancin kuɗi kawai ake biya. Ga wani tarko da ke kama sababbin shiga: ranar cikar wa'adi, in zaɓinka na da riba ko da santi ɗaya ne, za a zartar maka kai tsaye sai in ka ce a'a. A misalinmu, sai ka wayi gari Litinin da hannun jari 100 da bashin dala 5,500 a wuyanka.

Ka kuma san iyakar lamunin. Gidan ya lamunce cika alkawari ne, bai lamunce maka riba ba. In farashi ya tsaya a 54 har wa'adi ya cika, dala 200 ɗinka sun tafi, ba wanda ya cuce ka. Sannan lamuninsa ga mambobi yake. Idan dillalinka ne ya ci amanarka, wata doka ce daban ke aiki: wajabcin ware kuɗin abokan ciniki daga na kamfani, da kuma a Amurka hukumar SIPC da ke biyan har dala 500,000 ga kowane abokin ciniki.

A gida Najeriya an fara gina wannan tsari. CSCS, da ya fara aiki a 1997, shi ke ajiye hannun jari da sasanta cinikinsu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da kariya ga soke bashi da bashi idan wani ɓangare ya karye, wanda in babu shi gidan lamuni ba zai tsayu ba. Akwai NG Clearing da FMDQ Clear a matsayin gidajen lamuni ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma a Afrilun 2022 kasuwar NGX ta fara da kwangilolin cinikin gaba, wato waɗanda mai saye da mai sayarwa duka dole su cika a ranar da aka yanke, a kan ma'aunin NGX 30 da na fansho. Da cinikin gaba aka fara, ba da zaɓi ba, amma injin ɗaya ne: mambobi, jingina, asusun haɗaka.

Na san a matsayinka na ɗan Zazzau akwai tambayar da ba ka yi ba amma tana ranka. Lamunin gida bai warware maganar halasci ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce kwangilar zaɓi yadda ake yin ta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar musaya a kansa ba. Ko kafin alƙalamin da ke zama na mai kaya in an fasa ciniki, Malikiyya sun hana, Hambaliyya sun halatta. Fahimtar yadda tsarin ke aiki wajibi ne ga mai karatun akanta. Sa kuɗinka a ciki kuwa, ka zauna da malaminka tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin waya da ke yawo a hannun samari daga Samaru har Sabon Gari, masu cewa ka zaɓi sama ko ƙasa cikin minti ɗaya ka ci riba. Suna ara sunan zaɓi, amma babu kasuwa, babu mamba, babu jingina. Mai manhajar shi ne abokin cinikinka, shi ke nuna maka farashi, shi ke riƙe da kuɗin, kuma asararka ita ce ribarsa. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta hana sayar wa ƙananan masu zuba jari irin wannan a 2018. Duk wanda ya tallata maka zaɓi, tambaye shi a wace kasuwa ake cinikin, wane gida ne ke lamuncewa, ta hannun wane mamba, sannan ka duba sunan dillalin a rajistar SEC kafin ka tura ko naira ɗaya.